BABI NA UKU: DABARU DA SALAILAI DA LADUBBAN ƊAUKAR HOTON MUTANE A KAN TITI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan samuwar kyamara da yadda take aiki, da kuma ire-iren hotunan da ake ɗauka da ita. A wannan babi kuwa za a taƙaita ne a kan nau'i guda, wato hoton da ake ɗaukar mutane a kan titi alhali mai ɗauka bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Za a kawo ma'anarsa da asalinsa, sannan a dubi dabarun da masu wannan aiki ke amfani da su, da salailan da suka shahara da su. Daga nan sai a duba abin da dokokin wasu ƙasashe suka tanada, da kuma ladubban da ya kamata a kiyaye. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, a wannan fanni dabara da ladabi ba su rabuwa, domin duk dabarar da mai hoto ya zaɓa, ya riga ya yanke shawara ke nan a kan yadda zai bi da mutumin da ke gaban kyamararsa.

3.1 Ma'anar Hoton Kan Titi

Hoton kan titi shi ne hoton da ake ɗauka a wurin da kowa ke da ikon shiga, domin a nuna rayuwar mutane ta yau da kullum kamar yadda take gudana, ba tare da an tsara ta ba. Kalmar titi a nan ta haɗa da kasuwa da tasha da dandali da bakin teku da cikin jirgin ƙasa, da duk wani wuri da jama'a ke cuɗanya.

Wannan nau'i ya bambanta da hoton shago, inda mutum kan yi kwalliya ya je da ƙafarsa ya zauna gaban labule, ya biya kuɗi a ɗauke shi. A shago wanda aka ɗauka shi ya nemi hoton, shi zai tafi da shi gida. A kan titi kuwa hoton na wanda ya ɗauka ne, kuma sau da yawa wanda ke cikinsa ba zai taɓa ganinsa ba. Haka kuma ya bambanta da hoton jarida, domin ɗan jarida yana bin wani abu ne da ya auku, kamar gobara ko zanga-zanga ko ziyarar shugaba. Shi kuwa mai hoton titi abin da kowa ke gani kullum ya wuce shi yake nema, kamar yaro mai tsallake kwata, ko tsohuwa mai jiran mota, ko 'yan kasuwa suna hira a inuwa.

Tushen matsalar wannan fanni yana cikin ma'anarsa. Da zarar mutum ya lura an auna shi da kyamara sai yanayinsa ya canza. Wani ya gyara hula ya tsaya ƙyam, wani ya yi murmushin da bai kai zuci ba, wani ya kau da kai. Ke nan abin da mai hoto ya hango har ya ɗaga kyamara yakan gushe idan ya tsaya neman izini. In kuma bai nema ba, ya ɗauki siffar mutum ba da saninsa ba.

3.2 Asali da Bunƙasarsa

A shekarar 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani titi mai suna Boulevard du Temple daga tagar wani bene a birnin Faris. A lokacin sai an bar kyamara a buɗe na tsawon mintoci kafin hoto ya kama, don haka kekunan doki da masu tafiya a ƙasa duk ba su fito ba, titin ya zama kamar kufai. Waɗanda suka fito su ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Ana lissafa wannan cikin hotunan mutum na farko a duniya, kuma har yau ba a san ko su wane ne ba.

A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, ƙaramin akwati da ke zuwa da fim mai ɗaukar hoto 100. Daga nan ɗaukar hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun kowa. Shekara biyu bayan haka, wato a 1890, wasu lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka buga wata maƙala a kan haƙƙin mutum na a ƙyale shi da sirrinsa, kuma hoton da ake ɗauka farat ɗaya yana cikin abubuwan da suka koka da su. Wannan ya nuna cewa tun da wuri ƙorafi ya biyo bayan dabara.

Babban sauyi ya zo ne a 1925, lokacin da kamfanin Leitz na ƙasar Jamus ya fara sayar da kyamarar Leica wadda Oskar Barnack ya ƙera. Tana shiga aljihun kwat, tana amfani da fim mai faɗin milimita 35, kuma naɗi guda yana ba da hoto 36. Da irin waɗannan ƙananan kyamarori ne André Kertész da Henri Cartier-Bresson suka mayar da Faris cibiyar wannan fasaha kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin cibiyar ta koma birnin Niyu Yok, inda aka sami Robert Frank da William Klein da Garry Winogrand. A nahiyar Afirka kuwa an sami irin su Ernest Cole a Afirka ta Kudu, da J. D. 'Okhai Ojeikere a Nijeriya. A yau wayar hannu ta sa kusan kowa yana yawo da kyamara, kuma hoton da aka ɗauka da safe yana iya zagaya duniya ta intanet kafin azahar.

3.3 Dabarun Ɗauka

3.3.1 Zaɓen Idon Kyamara da Tazara

Idon kyamara, wato gilashin da haske ke bi ya shiga, ana auna shi da milimita. Mai ƙaramar lamba, kamar 28 ko 35, yana kwaso fili mai faɗi, amma sai an matso kusa mutum zai fito da girma. Mai babbar lamba, kamar 135 ko 200, yana jawo abu daga nesa, amma filin da yake gani ƙunci ne. Cartier-Bresson ya fi amfani da mai 50, wanda ya yi kusa da yadda idon ɗan Adam ke gani, shi kuwa Winogrand ya fi son mai 28.

Zaɓen ido shi ne zaɓen tazara. Mai amfani da 28 dole ya shiga cikin mutane har a gan shi, wanda bai so kuma yana da damar yi masa magana ko ya juya baya. Mai amfani da 200 yana iya tsayawa a tsallaken titi ya ɗauki fuskar mutum ba tare da an san da shi ba. Wannan ya fi sauƙi ga mai hoto, amma ya hana wa wanda aka ɗauka damar cewa bai yarda ba.

3.3.2 Saiti Kafin Ɗauka

Abin da ke faruwa a titi ba ya jira, don haka ƙwararru kan daidaita kyamara tun kafin su ga abin ɗauka. Abu na farko shi ne ƙofar haske, wadda lambobinta kan bi 2.8 da 4 da 5.6 da 8 da 11 da 16. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙofa, gwargwadon kuma zurfin filin da zai fito fes. Misali, a kyamara mai fim ɗin milimita 35, idan aka ɗaura ido mai lamba 35, aka sa ƙofa a kan 8, aka saita tazara a mita 3, to duk abin da ke tsakanin kimanin mita 2 zuwa mita 7 zai fito fes. Mai hoto ba ya bukatar sake murza komai, sai dai ya jira mutum ya shigo wannan fili.

Abu na biyu shi ne saurin ƙyaure, wato marufin da ke buɗewa ya rufe idan an danna. Kashi ɗaya cikin 250 na sakan yakan isa a tsayar da mai tafiya a ƙasa, mai gudu ko mai keke kuwa sai an kai kashi ɗaya cikin 500 ko fiye. In aka bar ƙyaure ya jima a buɗe, masu motsi za su fito dishi-dishi, kuma akan yi haka da gangan don a nuna hada-hada ba tare da an gane fuskar kowa ba.

3.3.3 Dako da Yawo

Akwai hanyoyi biyu na neman hoto. Ta farko ita ce dako, inda mai hoto zai sami wuri mai kyawun tsari da haske, kamar lungu ko matakala, ya tsaya yana jiran wanda zai gifta. Sanannen misali shi ne hoton da Cartier-Bresson ya ɗauka a 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Faris. Ta wata kafa a jikin shinge ya zura kyamara, ya kama wani mutum yana tsallake kududdufi, diddigensa bai kai ga taɓa ruwa ba. Hanya ta biyu ita ce yawo, inda mai hoto zai riƙa kutsawa cikin jama'a yana ɗauka yana tafiya, kamar yadda Winogrand ya yi shekara da shekaru a titunan Niyu Yok. Mai dako mutane ne ke shigowa inda yake, mai yawo kuwa shi ke shiga inda mutane suke, don haka ya fi saurin ɓata musu rai.

3.3.4 Haske

Hasken hantsi da na la'asar sun fi dacewa, saboda rana tana zuwa ta gefe, inuwa ta miƙe, siffar fuska ta fito. Da tsakar rana inuwa kan taru a ƙarƙashin gira da hula ta rufe idanu. Wasu kan yi amfani da fitilar kyamara mai walƙiya don cike wannan inuwa, ko don ɗauka da dare. Cartier-Bresson ba ya amfani da ita, domin yana ganin rashin ladabi ne a haska wa mutum wuta a fuska.

3.3.5 Yawan Ɗauka da Zaɓe

Mafi yawan abin da ake ɗauka a titi ba ya da amfani. Robert Frank ya zagaya Amurka a 1955 da 1956 ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, amma 83 kawai ya zaɓa a littafinsa The Americans, wanda ya fito a Faransa a 1958, a Amurka kuma a 1959. Da Winogrand ya mutu a 1984, ya bar naɗin fim kimanin 2,500 da ba a ko wanke ba. Wannan mataki na zaɓe yana da muhimmanci ga batun ladabi, domin a titi ba a samun lokacin tunani, amma a gaban tebur mai hoto yana da damar ajiye hoton da zai kunyata wani.

3.4 Salailan Hoton Kan Titi

3.4.1 Salon Ɓoyewa

Wannan shi ne salo mafi daɗewa. A 1916 Paul Strand ya liƙa wa kyamararsa idon bogi a gefe, yadda mutane za su zaci wani wuri yake aunawa. Da haka ya ɗauki wata makauniya mai bara a Niyu Yok, da allo rataye a wuyanta mai bayyana makantarta. Daga 1938 zuwa 1941 Walker Evans ya riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin da kyamara a cikin kwat, idonta na leƙowa tsakanin maɓallai, igiyar dannawa kuma ta bi ta hannun riga. Bai fitar da littafin ba sai a 1966, kuma shi da kansa ya amsa cewa kutse ya yi wa fasinjojin, sai dai tsawon lokaci ya sassauta abin. Vivian Maier, wata mai renon yara a birnin Shikago, ta yi amfani da Rolleiflex, wadda ake riƙewa daidai cibiya a duba ta sama, don haka ba ta haɗa ido da wanda take ɗauka. An gano dodon hotunanta fiye da 100,000 bayan an yi gwanjon kayanta a 2007, ita kuma ta mutu a 2009.

Shi ma Cartier-Bresson yakan rufe sassan kyamararsa masu ƙyalli da baƙin abu don kada a lura da ita. Littafinsa na 1952 yana da suna biyu. A Amurka an kira shi The Decisive Moment, sunan da ke nuni da gwanintar kama lokacin da ya dace. Sunansa na Faransanci kuwa, Images à la Sauvette, an aro shi ne daga yadda ake kwatanta 'yan tallar da ba su da lasisi, waɗanda ke sayarwa suna shirin gudu in sun hango ɗan sanda. Abin lura kuma shi ne, shi kansa ba ya son a ɗauke shi hoto.

Akwai inda ɓoyewa ke zama dole. Ernest Cole, baƙar fata a zamanin mulkin wariyar launin fata, yakan ɓoye kyamara a cikin jakar takarda ta abinci ya shiga mahaƙar ma'adinai. Ya bar ƙasar a 1966, littafinsa House of Bondage ya fito a 1967, gwamnatin Afirka ta Kudu kuma ta haramta shi. Bambancinsa da waɗanda suka gabata shi ne, hukuma yake ɓoye wa, domin ya nuna wa duniya halin da mutanen da yake ɗauka ke ciki.

3.4.2 Salon Fito-na-fito

A wannan salo mai hoto ba ya ɓoyewa, ba ya kuma neman izini. William Klein ya yi fice da shi a littafinsa na 1956 a kan Niyu Yok, inda yakan cusa kyamara cikin taro har mutane su mayar masa da martani, martanin kuma shi ne hoton. Bruce Gilden ya ƙara gaba, domin yakan tari mutum gaba da gaba, kyamara a hannu guda fitila a ɗaya hannun, ya haska shi daga ɗan taku kaɗan. Masu goyon bayan salon suna cewa ya fi ɓoyewa gaskiya, tun da an yi shi a gaban idon mutum. Masu suka kuwa suna cewa firgitar da ke fuskokin mutanen mai hoto ne ya jawo ta, don haka hoton yana nuna abin da ya yi musu ne fiye da halinsu.

3.4.3 Salon Neman Izini

A nan mai hoto yakan gaisa da mutum, ya faɗi abin da ya burge shi, ya nemi ɗauka. Jamel Shabazz ya bi wannan hanya wajen ɗaukar matasan baƙar fata na Niyu Yok a shekarun 1980, kuma yakan mayar wa mutane da hotunansu bayan ya wanke. A Nijeriya, Ojeikere ya fara tattara hotunan kitson mata a 1968, har ya tara kimanin 1,000. Da yawa daga cikinsu ta baya ya ɗauka, don haka kitson ya fito, fuskar mai shi kuma ta tsira. Abin da ake rasawa a wannan salo shi ne yanayin da ba a shirya ba, abin da ake samu kuwa shi ne natsuwar wanda aka ɗauka.

3.4.4 Salon Shiryawa

Wasu kan shirya hoto su nuna shi kamar kamu ne na farat ɗaya. A 1950 Robert Doisneau ya ɗauki saurayi da budurwa suna sumbatar juna a gaban ginin hukumar birnin Faris, domin mujallar Life. Shekaru da dama ana ɗauka katari ya yi. Sai da wasu ma'aurata suka kai shi ƙara suna cewa su ne a hoton, sannan ya bayyana cewa ɗalibai masu koyon wasan kwaikwayo ya nema suka yi masa. Kotu ta kori ƙarar a 1993. Wannan salo ya kare haƙƙin wanda aka ɗauka, amma ya taɓa haƙƙin mai kallo, wanda aka bari ya gaskata abin da ba haka yake ba.

3.5 Matsayin Doka

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka da Ingila, galibi ba laifi ba ne a ɗauki mutum a wurin jama'a. Abin da jihar Niyu Yok ta hana tun 1903 shi ne amfani da hoton mutum wajen talla ba da izininsa ba, bayan wata yarinya ta ga hotonta a tallar garin fulawa ta kai ƙara ta faɗi a 1902.

Daga 1999 zuwa 2001 Philip-Lorca diCorcia ya ɗaura fitila a jikin ƙarafan gini a dandalin Times na Niyu Yok, ya tsaya nesa yana ɗaukar masu wucewa. Cikinsu akwai wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini, wanda bai san da hoton ba sai bayan an baje shi an sayar. Ya kai ƙara a 2005, yana cewa an ci riba da siffarsa, kuma addininsa bai yarda da hakan ba. A 2006 kotu ta kori ƙarar, ta ce aikin fasaha ne da tsarin mulki ya kare, kuma lokacin shigar da ƙara ya wuce. Babbar kotun jihar ta tabbatar da korar a 2007 bisa dalilin wucewar lokaci.

A Kanada an sami akasin haka. Wata mujalla ta buga hoton wata yarinya 'yar shekara 17 tana zaune a matakalar wani gini a birnin Montreal, ba da saninta ba, har 'yan ajinsu suka riƙa yi mata dariya. A 1998 Kotun Ƙoli ta Kanada ta tabbatar da a biya ta diyyar dala 2,000, bisa dokar lardin Quebec. A Faransa sashe na 9 na dokar farar hula, wanda aka shigar a 1970, ya kare rayuwar mutum ta sirri, kuma a ƙarƙashinsa ake ƙarar masu buga hoton mutum ba izini. A Jamus dokar 1907 ta wajabta neman izini kafin a yaɗa hoton mutum, ban da wasu wurare kamar taron jama'a da manyan mutanen da tarihi ya shafa. Wannan doka ta biyo bayan abin da ya faru a 1898, lokacin da wasu masu hoto biyu suka kutsa ɗakin da gawar Bismarck take suka ɗauke ta. A Nijeriya sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da saƙonninsu, sannan an kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Abin da za a fahimta a nan shi ne, yawancin dokokin sun fi mayar da hankali ga bugawa da yaɗawa fiye da ɗauka, kuma wanda ya ci nasara a kotu ba lalle ne ya kyauta ba. Dattijon Niyu Yok ya faɗi ƙara, amma abin da ya dame shi bai gushe ba.

3.6 Ladubban Ɗaukar Wanda Ba a Sani Ba

Kafin a jero ladubban, ya kamata a kawo misali guda. A watan Maris na 1936 Dorothea Lange, wadda ke yi wa gwamnatin Amurka aiki, ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo ta jihar Kalifoniya. Ta ɗauki wata uwa 'yar shekara 32 da 'ya'yanta a cikin tanti, ba ta ko rubuta sunanta ba. Da jarida ta buga hotunan gwamnati ta aika da abinci sansanin, amma matar da iyalinta sun riga sun tashi. Hoton ya zama tambarin talaucin wancan zamani a duk duniya. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, ta kuma nuna ɓacin ranta cewa ba ta amfana da komai ba. Lange ta yi magana da ita, niyyarta kuma mai kyau ce, duk da haka matar ta rayu fiye da shekara 40 da fuskar da ba ta da iko a kanta.

Daga wannan da misalan da suka gabata, ana iya fitar da ladubba kamar haka:

(i) Mai hoto ya auna ƙarfin wanda zai ɗauka. Mabaraci da majinyaci da mai taɓin hankali da wanda ke barci a gefen titi sun fi sauƙin ɗauka saboda ba su da ikon hanawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa suka fi bukatar a nemi yardarsu.

(ii) Kada a ɗauki yaro shi kaɗai sai da yardar iyayensa ko wanda ke kula da shi.

(iii) In mutum ya ɗaga hannu ko ya rufe fuska ko ya juya baya, ya ƙi ke nan, sai a sauke kyamara.

(iv) In an ɗauka ba izini aka kuma lura, kada mai hoto ya gudu ko ya yi musu. Ya tsaya ya gaisa, ya nuna hoton, ya faɗi dalilinsa, in an ce ya goge ya goge.

(v) Ya faɗi gaskiyar inda hoton zai je. Yardar da mutum ya bayar don a ajiye ba ta zama yarda a buga ko a sa a intanet ba.

(vi) Ya kiyaye bayanin da zai rubuta a ƙarƙashin hoto, domin kalma guda tana iya jingina wa mutum sata ko shaye-shaye ko bara alhali ba ruwansa.

(vii) In ya yi alkawarin kawo hoto, ya cika.

(viii) Ya san al'adar wurin da yake.

Wannan ladabi na ƙarshe ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin baƙi da 'yan gida suna ɗaukar hoto a cikinta. A hawan salla na Kano ko Katsina ko Zariya, mahaya sun yi ado ne domin a gan su, don haka ɗaukarsu ba ya zama abin zargi. Amma matar aure a kasuwa, ko almajiri riƙe da ƙoƙon bara, ko masu zaman makoki a ƙofar gida, duk da a fili suke, ba su fito don a kalle su ba. Al'adar kunya ta sa sau da yawa mutum ba zai iya ce wa baƙo a'a ba, don haka shirunsa ba yarda ba ne. Haka kuma akwai waɗanda ke guje wa hoto saboda fahimtarsu ta addini. Bahaushe ba ya shiga gidan wani sai da sallama, kuma wannan ma'auni ya dace da mai kyamara.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an kawo ma'anar hoton kan titi da tarihinsa daga 1838 zuwa zamanin wayar hannu. An yi bayanin dabaru biyar da salailai huɗu, an kuma ga cewa kowane yana ba mai hoto wani abu, yana kuma iya rage wa wanda aka ɗauka ko mai kallo wani abu. An ga yadda kotunan Amurka da Kanada suka saɓa a kan matsala iri ɗaya, abin da ya nuna cewa doka kaɗai ba ta isa jagora ba. Hotunan titi sun adana wa duniya tarihin talakawan da ba a rubuta sunayensu ba, kamar yadda aikin Ernest Cole ya nuna, don haka ba a ce a daina ba. Abin da ake bukata shi ne mai hoto ya tuna da mutumin da ke cikin hoton a lokacin ɗauka, da lokacin zaɓe, da lokacin bugawa. A babi na gaba za a nazarci yadda ake karanta hoto da fitar da saƙon da ke cikinsa.